Madarar Kyalla

Litinin, 6 ga Afrilu, da hantsi

Yasira ta sha ludayi huɗu na kunu da madarar Kyalla, ta yi gyatsa, ta yi barci. Abin da ya sa na ɗauko biro ke nan. Shekara ashirin da biyu ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu a firamaren garin nan na Warra, ban taɓa rubuta wa kaina ko layi ɗaya ba sai yau da na rasa wanda zan gaya wa magana.

Yasira jikata ce, watanta shida. Uwarta Mufida, matar ɗana, tana ɗaki ta juya wa duniya baya. Tun ranar da jirgin ruwa ya kife ba a ga ɗana ba nononta ya ɗauke, yau kwana goma sha tara. Mun gwada madarar gwangwani, yarinyar ta yi ta zawo har idanunta suka faɗa. Sai na tuna da jar akuyata Kyalla, wadda ɗanta ya zo babu rai, hantsarta cike tana ta kuka a turke. Na tatsa, na tafasa, na sirka da ruwa. Cikin yarinyar ya karɓa. Yanzu Kyalla ce uwa a gidan nan, ni 'yar aikinta ce.

Damuwata abin da zan ba ta. Ciyawa ta ƙone, harawa ta yi tsadar da ko kallonta ba na yi, kuma bana ba a kai dabbobi kiwo bayan dutse, saboda ɓarayin daji. Dusar da ta rage ba za ta kai Juma'a ba.

Laraba, 8 ga Afrilu, bayan La'asar

Maman Miracle ce ta buɗe mini ido. Rachel sunanta, maƙwabciyata ta jikin katanga, kayan miya take sayarwa a kasuwa. Ta leƙo ta same ni ina kakkaɓe buhun dusa, ta ce, "Malama, duk iliminki ba ki san inda abinci yake ba? Kullum da yamma muna zubar da abin da zai ƙosar da awaki goma. Ɗauko buhu ki biyo ni."

Na bi ta. Ganyen kabeji na waje-waje, kan karas, ɓawon kankana, tumatir da ya lotse, ganyen dankali, duk a jibge bayan rumfuna ƙudaje suna shagali. Ina duƙe ina tsinta wata tsohuwar ɗalibata ta zo wucewa, ta durƙusa ta gaishe ni, idonta a kan buhun. Na amsa mata da muryar aji, na tambaye ta ko har yanzu tana rubuta bakwai a juye. Ta gudu.

Rachel ta nuna mini yadda take yi wa tata baƙar akuyar mai tagwaye. A wanke, a cire leda da igiya, a yar da duk abin da ya yi funfuna, sauran a baza a inuwa ya yi yaushi. Ta ce ɗanye shar yana kumbura musu ciki. A fara ba ta busasshe, kowar wake ko 'yar harawa, sannan ganyen ya biyo baya.

Kyalla ta ci har tana ture ni da kai. Ba ta da kunya ko kaɗan, shi ya sa muke shiri.

Alhamis, 9 ga Afrilu, da sassafe

Kofi biyu da rabi na tatsa. Jiya biyu ne. Na kai ƙofar Mufida na nuna mata, ba ta juyo ba.

Asabar, 11 ga Afrilu, da azahar

Dogo ya zo. Ƙanen marigayi mijina ne, dillalin albasa, tsawonsa sai ya sunkuya yake shiga zaurena. Bai zauna ba.

Ya ce, "Malama, albasag ga ta rumfa, zahi ya hwara cin ta. Bari in kwashe in kai Yawuri tun tana da sauran daraja."

Na ce, "Mai ita bai ce a sayar ba."

Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar. "Kwana ashirin da huɗu, Malama. Masunta sun bi ruwan ga sama da ƙasa. Liman ma ya yi min magana. A yi ma Saminu addu'a, yarinyag ga ta san matsayinta, ta shiga takaba kamar kowa."

Na ce masa tuwona yana kan wuta. Babu tuwo a kan wuta.

Ni ba na kiran sunan, ɗan fari ne, ko a takarda hannuna ba ya yarda. Baban Yasira. Rabin albasar da ya noma bana ya loda a jirgi ranar kasuwar ƙetare, rabin ya baza a kan gadon kara a rumfar bayan gida, ya rataye lawashin dami-dami a jikin azara. Yana fita ya ce, "Inna, kada kowa shi taɓa min ita sai na dawo, da damina za ta yi kuɗi." Haka ya ce. To me ya kawo maganar Dogo a ciki?

Lahadi, 12 ga Afrilu, da hantsi

Na shiga rumfar don in ƙaryata Dogo, sai na tarar bai yi ƙarya ba. Wasu sun yi ruwa a wuya, wasu sun tsiro. In ba a tsince su ba za su shafa wa sauran. Na tsince kwano guda, na nufi juji, ƙafata ta ƙi. Na tuna yadda yake dawowa daga fadama ƙafafu duk taɓo, wata huɗu yana ban ruwa. Ina tsaye da kwanon Kyalla ta miƙo wuya ta zari ɗaya, ta tauna tana lumshe ido.

Ai albasa ma kayan miya ce. Da kabeji da ita duk rumfa ɗaya ake kasa su. Na yanke wurin da ya lalace, na yayyanka sauran, na haɗa mata da damin lawashi guda. Ta cinye tas. Hankalina ya kwanta ƙwarai: gumin uban zai shiga madara ya koma cikin 'yarsa, ko ɗaya ba za ta tafi juji ba.

Talata, 14 ga Afrilu, da yamma

Na daina zuwa kasuwa. Jiya ina tsintar kan karas wata mai daddawa ta kama hannuna ta ce, "Ya muka ji da haƙuri? Allah shi jiƙan rai." Na fizge hannuna. Ran wa? Wa ya nuna mata gawa? Na bar buhun a nan na dawo, ko sallama ban yi wa Rachel ba.

Ba komai. Rumfa tana ba ni kwano biyu kullum yanzu, ga lawashi. Ba sai na duƙa a gaban kowa ba.

Zafi ya yi yawa. Na shiga ɗaki na fito, na share tsakar gida sau biyu, na sake sharewa. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida sai na tashi tsaye.

Laraba, 15 ga Afrilu, da safe

Yasira ta ƙi sha. Ta kai baki, ta yamutsa fuska, ta ture ludayin, kunun ya zube mini a zane. Na ɗanɗana ko ya yi zafi. Ba zafi ba ne, madarar ce take warin albasa, har maƙogwaro.

Na ajiye kofin a bakin ƙofar Mufida ina jijjiga yarinyar. Sai na ji motsi. Mufida ta sauko daga gado da kanta, abin da ba ta yi sai don salla da bayan gida. Ta ɗauki kofin da hannu biyu, ta kai hanci, ta daɗe a haka. Ta ce, "Inna, haka rigarshi take."

Ta shanye duka. Yarinyar da kusan wata guda sai na yi da gaske take haɗiye loma uku. Ta miƙo mini kofin ta ce, "Akwai saura?"

Na shiga kicin na tsaya ina kallon murhu. Ban san ko murna nake yi ba.

Juma'a, 17 ga Afrilu, da safe

Na sa sukari a kunun. Yasira ta sha ludayi ɗaya da kuka. Mufida ta sha kofi, ta zauna a tsakar gida har rana ta kore ta.

Asabar, 18 ga Afrilu, bayan Azahar

Na san abin da ya kamata in yi, ba sai an gaya mini ba. In koma kasuwa, in bar ba Kyalla albasa, warin ya fita. Da safe na ɗauki buhu har na kai zaure. Sai Mufida ta fito ta ɗauki tsintsiya, ta tambaye ni ko na tatsa. Tsintsiya fa! Na mayar da buhun.

Na ce zan rage. Na ba Kyalla kwano ɗaya maimakon biyu. Da yamma ta yi ta kuka babu abin da zan zuba mata, na ƙara mata ɗayan.

Wuyan Yasira ya fara tsawo. Kunu zalla take karɓa, shi ma kaɗan.

Lahadi, 19 ga Afrilu, da yamma

Kofi ɗaya da ɗan kaɗan. Kyalla ba ta ture ni ba yau.

Litinin, 20 ga Afrilu, da hantsi

Rachel ta shigo ba sallama, da buhuna da na bari a kasuwa, cike da ganye. Ta ce ta gaji da jiran in huce. Tana ajiyewa ta toshe hanci, ta nufi turke, ta tsaya.

"Malama, kin ga fitsarinta?"

Na gani tun jiya. Ja ne kamar zoɓo. Na ce mata zafi ne.

"Zafin nan ni ma akuyata a cikinsa take. Me kike ba ta?"

Ta dubi kwanon, ta dubi rumfa, ta dube ni. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta karɓi Yasira daga bayana, ta shafa kanta, ta ce maɗigarta ta fara faɗawa. Ta tafi ta dawo da rabin kofi daga baƙar akuyarta, iyakar abin da tagwayen suka bari ke nan. Na tafasa. Yasira ta kama ludayin da hannu biyu tana sha tana haki, da ya ƙare ta yi ta lasar bakinta tana nema.

Ni na yi wa yarinyar nan haka. Na rubuta don kada gobe in ce wani ne.

Talata, 21 ga Afrilu, bayan La'asar

Rachel ta kawo Jacob, malamin dabbobi, ɗan cocinsu. Ya ɗaga leɓen Kyalla, dasashin fari fat. Ya gwale idon, shi ma fari. Ya sa hanci a bakinta ya kau da kai.

Ya ce, "Mama, kwana nawa tana cin albasa?"

Na ce tara. Ya ce da me? Na ce da lawashi.

Ya zauna a kan turmi ya yi mini bayani a hankali, irin yadda nake yi wa yaron da ya faɗi jarrabawa. Ragowar kasuwa abinci ne mai kyau, shi ma da shi yake kiwo. Amma gaurayawa ake yi, kuma busasshe ne ginshiƙi. Ko kabeji in shi kaɗai ne kullum yana da illa. Albasa kuwa, in ta wuce ɗan abin da aka tsinta a cikin shara, jini take cinyewa. Wannan jan fitsarin jininta ne yake fita.

Na ce, "Amma da kanta take ci, har tana wawa."

Ya ce, "Mama, akuya har leda tana ci da kanta."

Ya yi mata allura biyu, ya ce ruwa da yawa, inuwa, harawa da ganyen dankali, kada a kora ta ko'ina, kada a tatse ta. In ta kai kwana huɗu tana tsaye, to da sauranta. Yana fita ya dubi rumfa ya ce gara a nisanta ta da wancan.

Mufida tana jin komai ta taga. Da ya tafi ta fito ta ce, "Inna, don ni ne ko?" Na ce don ni ne. Muka bar shi a haka.

Laraba, 22 ga Afrilu, da sassafe

Kyalla tana tsaye. Ta sha ruwa, ta ɗan taɓa ganyen dankali. Rabin kofin Rachel ya zo, Yasira ta shanye ta yi kukan ƙari har ta gaji.

Laraba, da azahar

Na shiga rumfa na tsince ruɓaɓɓiyar albasa kwano uku. Na tsaya da su a hannu. Na kai bayan katanga na haƙa rami na binne, ina yi ina waige kamar ɓarauniya. Ko binnewar ban so ba. Na daɗe tsaye a kan ramin.

Alhamis, 23 ga Afrilu, da yamma

Kyalla ta kwanta tun hantsi. Na ɗaga ta, ta tsaya tana rawa, ta sake zubewa. Mufida ce ta riƙe kanta a cinya tana ɗiga mata ruwa da cokali. Babur ya tsaya a ƙofar gida, ban tashi ba.

Juma'a, 24 ga Afrilu, bayan saukowa daga masallaci

Da hantsi numfashinta ya canza. Jacob ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya ce ba cuta ce mai yaɗuwa ba, naman ba shi da laifi, amma a yi sauri. Na aika aka kira Dogo. Ya shigo da wuƙa a naɗe cikin tsumma, ya ce, "Malama, ki shiga ɗaki." Na ce ba inda za ni. Na riƙe ƙafafunta na baya da kaina. Ba ta ma yi wani motsi ba, jinin da ya fito kaɗan ne, kuma tsararo.

Shekara biyar tana gidan nan. Ta ci mini littafin darasi, ta ci gefen sallayata, ta shayar da jikata sati biyu ba ta taɓa harbin kofi ba. Na saka mata da abin da na saka mata.

Dogo ya feɗe, ya gyara, ya wanke hannu. Ya tsaya da tiren nama ya ce, "To mi za a yi da shi? Ya hi ƙarhin tukunyarku."

Na dubi ƙofar Mufida. Tana tsaye riƙe da 'yarta, ni take kallo. Kusan kwana arba'in yarinyar nan tana jiran bakina, ba matar aure ba, ba mai takaba ba, ni kuwa ina can ina lissafin babura.

Na ce, "A raba sadaka."

Dogo bai motsa ba. A hankali ya ce, "Sadakar wa?"

Na ce, "Ta ɗanka. Ka gaya wa Liman, Litinin. Ka zo da buhuna gobe ka kwashe rumfar."

Ya ajiye tiren a kan turmi, ya juya ya fuskanci katanga, wannan dogon mutum, kafaɗunsa suna rawa. Ni ban yi kuka ba. Na je na wanke igiyar Kyalla na shanya.

Asabar, 25 ga Afrilu, da yamma

An kwashe. Abin da ya yi saura mai kyau bai kai rabi ba. Dogo bai ce ai na gaya miki ba, Allah ya saka masa. Mufida ta kwance damman lawashi da hannunta ta miƙa masa, ta share rumfar, ta yayyafa ruwa, ta sake sharewa.

Ana cikin haka Rachel ta shigo tana jan baƙar akuyarta, ɗa guda yana biye. Ta ce ɗayan ta kai wa ƙanwarta, ya isa cin ganye. Na ce ba zan karɓa ba, na kashe tawa, ba zan kashe ta mutane ba.

Ta ce, "Ba ke na kawo wa ba, Malama, Yasira na kawo wa. Ke aikinki buhu. Jibi in ban gan ki bayan rumfata ba, da kaina zan zo in ja ki."

Ta ɗaure ta a turke ta tafi. Akuyar ta ƙi kallona, ni ma ban matsa mata ba.

Lahadi, 26 ga Afrilu, da safe

Kowar wake da fari. Sannan kabeji kaɗan, kan karas, ganyen dankali, ɓawon kankana. Na bi ganyen ɗaya bayan ɗaya, na tsinci ɓawon albasa guda biyu na cire. Kofi ɗaya da rabi.

Litinin, 27 ga Afrilu, bayan La'asar

An yi addu'a da safe a ƙofar gida. Kwana arba'in cif, ban ma lura ba sai da Liman ya faɗa. Mata sun cika tsakar gida, har mai daddawar nan. Ta kama hannuna ta ce Allah shi jiƙan rai. Na ce amin. Mufida ta cire 'yan kunnenta da awarwaro ta ba ni in ajiye.

Da mutane suka watse na tatsa, na tafasa, na dama kunu. Mufida ta ce in ba ta, ita za ta ba ta. Ta zaunar da Yasira a cinya. Ludayi ɗaya, biyu, har biyar, yarinyar ba ta kau da kai ba, tana sha tana wasa da ƙafa. Ta yi gyatsa, barci ya ɗauke ta da kunu a haɓa.

'Yar madara ta rage a kofi. Mufida ta ɗauka ta kai hanci. Ta daɗe. Ta sake shaƙa, sannan ta ajiye a ƙasa.

Ta ce, "Ba ta warin komai, Inna."

Na ce, "Haka ake so."

Ta gyaɗa kai. Na matsa kusa da ita a kan tabarma, muka yi kukanmu a hankali don kada yarinyar ta tashi.